Littafin Yaro Ma Haja Ne, A Duba Kafin A Biya

Duk shekara, da zarar damina ta ja jiki, sabon gero ya fara shigowa kasuwa, sai hankalin iyaye ya koma kan komawar yara lakwal. A babbar kasuwar Maraɗi, da kasuwar Dole ta Damagaram, da kasuwar Tawa, har zuwa Katako da Wadata a Yamai, za ka ga teburan da jiya ake sayar da sabulu da man shafawa a kansu, yau sun cika da kaye da bik da alli da jakunkuna. Masu baza littattafai a ƙasa su ma sun shimfiɗa ledarsu a bakin hanya, sun danne hajarsu da duwatsu don kada iska ta kwashe. Uwa ta zo da takardar da mushe ya rubuto, ta miƙa wa mai tebur, ya karanta, ya haɗa mata kaya, ya faɗi kuɗi, ta nemi ragi, ta biya, ta kama hanya.

Abin da ke ba mutum mamaki shi ne, wannan baiwar Allah da ta karɓi littafi a leda ba tare da ta buɗe shi ba, ita ce wadda ba a taɓa cuta a cinikin atamfa ba. Kafin ta biya kuɗin turmi guda sai ta warware shi, ta murza bakinsa, ta ɗaga shi a rana, ta shafa masa ɗan ruwa ta ga ko zai zuba. In gero ne, sai ta tura hannu har gindin buhu, don ta san na sama ba ya faɗin gaskiyar na ƙasa. Alhajin da ke sarin kaya daga Kano shi ma ba ya sallama kuɗinsa sai an ɓalle kwali a gabansa. Amma da an zo kan littafin yaro sai kowa ya saki ciniki, a ce ai mu ba mu yi boko ba, wanda aka ba mu shi ke nan. To, jama'a, wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kuma asarar ba ta tsaya ga jika biyu ko uku da aka kashe ba. Akwai wani bincike da ake kira PASEC, wanda ake auna karatun yaran firamare da shi a ƙasashen Afirka da dama. A shekarar 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara 100 da suka kai ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su cika 10 ba. Da aka sake awon a 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen 30. Ke nan har a lokacin, yara bakwai cikin goma suna shekara shida suna zuwa lakwal, suna cin kuɗin kaye da kuɗin tara, su fito ba su iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ƙunsa ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ciwon wannan, domin shi ne ke jiran ranar da ɗansa zai riƙe masa littafin bashi, ya karanta masa takardar duwan, ya duba masa saƙon da abokin ciniki ya turo a salula ba sai ya kai sirrinsa wajen maƙwabci ba.

Ba littafi kaɗai zai gyara wannan ba, kowa ya san da cunkoson aji da ƙarancin kayan aiki da azuzuwan zana da ruwan sama ke tashi. Sai dai waɗancan ba a hannun uwa suke ba. Abin da ke hannunta shi ne littafin da za ta saya da abin da za a yi da shi a gida, kuma ko ba ta san harafi ko guda ba, tana iya zaɓe.

Kowane shekaru da nasa kaya

Kuskure na farko da ake yi shi ne sayen littafi kamar yadda ake sayen takalmin sallah, a ɗauki babba wai don ya daɗe yana sawa. Takalmi in ya yi wa yaro yawa ana tura masa tsumma a gaba ya lallaɓa. Littafi in ya fi ƙarfinsa, ajiye shi zai yi, kuma ya ɗauka a ransa cewa karatu ba nasa ba ne.

Yaron da bai wuce shekara uku ba, hoto ne karatunsa. A nemo masa mai takarda mai kauri, wanda ko ya kai shi baki ko ya ja shi a ƙasa ba zai yage nan da nan ba, mai hoto guda babba a kowane shafi: akuya, kaza, ƙwarya, jaki da mangala. Aikin uwa a nan shi ne ta nuna ta tambaya, mene ne wannan, yaya yake kuka, ina tamu akuyar take. Daga shekara uku zuwa biyar, wato masu zuwa makarantar renon yara da takwarorinsu da ke gida, sun fara son labari mai farko da ƙarshe, musamman wanda magana guda ke ta dawowa a cikinsa, domin suna jin daɗin su riga mai karatu faɗi. Kada a gaji in yaro ya ce a maimaita masa littafi guda sau ashirin. Ta haka yake gane cewa waɗannan baƙaƙen zane-zane da ke ƙarƙashin hoto su ne ke riƙe da maganar, kuma kullum abu guda suke faɗi.

Ɗan CI da ɗan CP, wanda ya fara haɗa baƙi, shi ne ya fi bukatar a yi masa zaɓe da natsuwa. Nasa ya zama mai manyan haruffa, layi biyu ko uku a shafi, da fili tsakanin kalmomi, da hoton da ke taimaka wa rubutun. Daga CE1 zuwa sama ne ake shiga gajerun labarai masu shafi biyu ko uku.

Akwai awo mai sauƙi da ba ya bukatar uwa ta iya karatu. A tafi da yaron kasuwa, a buɗe masa shafi guda daga tsakiyar littafin, a ce ya karanta a bayyane. Duk inda ya cije, uwa ta lanƙwasa yatsa guda. In yatsun hannu guda suka ƙare shafi bai ƙare ba, littafin ya yi masa nauyi, a mayar. In ya zuba shi kamar ruwa babu tuntuɓe ko ɗaya, ya yi masa sauƙi, amma ba laifi a saya in yana so. Wanda ya cije sau biyu ko uku a shafi, shi ne daidai wuyansa. Bayan haka sai a rufe littafin a ce masa, to faɗa mini da Hausa, me aka ce? A nan ake kama masu haddar baki, waɗanda ke rera Faransanci tiryan-tiryan amma ba su san inda maganar ta dosa ba.

Malaman allo sun riga kowa sanin wannan dabara. Ba a fara wa ƙolo da izu guda. Babbaƙu ake rubuta masa manya-manya, kaɗan-kaɗan, sannan farfaru, kuma ba ya wanke allo sai abin ya zauna. Mu da muka tashi da wannan tsari a ƙofar gidajenmu, bai kamata a ce mun manta da shi a wajen karatun boko ba.

Da wane harshe?

A nan ne ake yawan gardama, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe. Iyaye da yawa, in aka nuna musu littafin Hausa, sai su ture shi, su ce ai yaro ya iya Hausa tun daga nono, Faransanci muka kai shi ya koyo. Ana fahimtar damuwarsu, domin jarrabawa da takardun ofis sun daɗe da Faransanci suke tafiya. Amma a duba abin da ake ɗora wa ɗan shekara shida ko bakwai ranar da ya shiga CI. Ana so ya koyi yadda zane ke zama sauti, wanda shi kaɗai babban aiki ne, kuma ana so ya yi haka cikin harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Kamar a ɗora wa ɗan dako buhu biyu ne lokaci guda, alhali da ɗai-ɗai aka ba shi da ya kai su duka.

Yaron da ya haɗa baƙi ya ji bakinsa ya furta "tuwo" ko "kasuwa" ko "inna", nan take fuskarsa ke washewa, domin ya gane rubutu magana ce. Wanda ya haɗa baƙi ya furta kalmar da bai san ma'anarta ba, babu abin da zai gaya masa ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Kuma iya karatu sau guda ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya iya a Hausa, in ya koma Faransanci ba daga farko zai fara ba, ƴan bambance-bambance ne zai kiyaye.

Bambance-bambancen kuwa sanannu ne, kullum muna ganinsu a allunan bakin hanya. Abin da Bahaushe ke rubutawa da "w" ko "u", Bafaranshe da "ou" yake rubuta shi, shi ya sa Tawa ta zama Tahoua, Madawa ta zama Madaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. "C" ɗinmu na "ciniki" su "tch" suke sawa, "sh" ɗinmu kuma "ch". Yaro yakan ruɗe na ɗan lokaci, sannan ya ware kowanne da gidansa, kamar yadda ɗiyar mai tebur ke ware lissafin dala da na naira ba tare da an kai ta makaranta ba.

Wannan ba sabuwar magana ba ce a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa sannan a shigo musu da Faransanci sannu a hankali, daga baya aka faɗaɗa abin zuwa wasu harsunan ƙasa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, sannan a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Saboda haka uwar da ta saya wa ɗanta littafin Hausa ba baya ta mayar da shi ba. Shawarar da za mu bayar ita ce, littafin aji a sayi wanda mushe ya ce, da kowane harshe yake, amma na gida, na jin daɗi, na farko ya zama na Hausa.

Sai dai gaskiya, samun na Hausa na ƙananan yara a kasuwanninmu sai an tona. Cibiyar INDRAP da ke Yamai, wadda ke shirya littattafan makarantu, ta wallafa na harsunan gida. Maɗaba'ar Albasa ta fitar da ƙananan littattafan yara masu hotuna cikin harsunan ƙasa a farkon shekarun 2000, maɗaba'ar Gashingo ita ma ta yi aiki a wannan fage. Amma mai tebur ba ya sarin abin da ba a tambaya. Ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin wannan: in mata goma suka tambayi kaya a mako guda aka ce babu, mako mai zuwa za a gan shi a tebur. Don haka a riƙa tambaya, ko da an san za a ce babu.

Na Kano da Zariya

Mafi yawan littattafan Hausa da ke shigowa Maraɗi da Damagaram daga Nijeriya suke zuwa, kuma a cikinsu akwai na ƙwarai. Akwai jerin "Ka Koyi Karatu" da ƙannensa, waɗanda aka yi don masu fara haɗa baƙi. Akwai "Tatsuniyoyi da Wasanni" na Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida da suka fito a farkon shekarun 1970, waɗanda ke ɗauke da irin gatanar da kakanninmu ke yi mana da dare. Akwai kuma "Magana Jari Ce" na Abubakar Imam, littafi uku da aka buga a Zariya tsakanin 1937 da 1939, wanda kusan duk gidan da ake karatun Hausa an san shi. Amma a lura, shi wannan ba na ɗan CP ba ne ya karanta da kansa, jimlolinsa dogaye ne, Hausarsa mai zurfi ce. A ba babban wa ko babbar ya su karanta wa ƙanana bayan sallar isha'i, labari guda a dare, su kuwa su saurara. Kunnen yaro yana gaba da idonsa da shekaru: abin da ba zai iya karantawa ba sai ya kai CM, yana iya jin daɗinsa tun yana ɗan shekara biyar.

Abu biyu ne za a gaya wa yaro game da littattafan ƙetaren iyaka. Harafin da muke rubutawa "ƴ" su "'y" suke rubuta shi, kuma zai gamu da kalmomin da suka aro daga Ingilishi inda mu muka aro daga Faransanci, kamar biro a maimakon bik. Wannan ba aibi ba ne, ƙarin sani ne ga wanda wata rana zai je sari Kano.

Inda ake bukatar buɗe ido shi ne littattafan soyayya. Su ma da Hausa suke, a tebur guda ake baza su da na yara, bangonsu mai kyalli, kuɗinsu da sauƙi. Ba mu ce kada manya su karanta ba, mata da yawa ma ta kansu suka ƙware a karatun boko. Amma zancen kishiya da saki da auren dole ba abincin ƴar shekara takwas ba ne. Alamarsu ba ta ɓuya: hoton mace da kwalliya a bango, ciki kuwa rubutu ne cunkus babu hoto ko guda.

Ta ɓangaren Faransanci, iyaye maza da suka yi lakwal a da sukan nemi "Mamadou et Bineta", wanda wani Bafaranshe mai suna André Davesne ya rubuta tun zamanin mulkin mallaka, domin da shi suka koya, kuma har yau ana samunsa a kasuwa. Yana da amfani wajen haɗa baƙi gaɓa-gaɓa, amma ba ya maye gurbin littafin da ake aiki da shi a aji. Ga waɗanda suka kai CM kuma Faransancinsu ya fara zama, marigayi Bubu Hama ya bar tatsuniyoyi da labaran ƙasar nan masu yawa, wasu ma don yara ya rubuta su tare da Andrée Clair. Yaro zai ga kogin Kwara da kuka da raƙumi a ciki. Su kuwa tsofaffin littattafan da ake kwasowa daga Turai a dila kamar gwanjo, wasu masu kyau ne, takardarsu ma ta fi ƙarfi, sai dai ga mai fara karatu, labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa wani ƙarin kaya ne. A fara masa da abin da ya sani, duniya tana nan tana jiransa.

Ko a littattafan addini akwai abin dubawa. Kafin a sayo wa yaro Bagadaza ko Juz'u Amma, a tambayi malaminsa da wace ruwaya yake karantarwa. Makarantun allo na gargajiya da Warshu suke tafiya, Islamiyyu da yawa kuma da Hafsi, kuma ko rubutun ba ɗaya ba ne. A rubutun allo, harafin fa ɗigo guda gare shi a ƙasa, ƙaf kuma guda a sama. A bugun gabas, fa ce ke da guda a sama, ƙaf biyu. Babba ba zai damu ba, amma yaron da ke fara babbaƙu, in aka haɗa masa biyun, zai yi ta kiran fa ƙaf yana shan bulala a kan laifin da ba nasa ba.

A tura hannu har gindin buhu

Yanzu sai duban hajar kanta, wanda shi ne fagenku. Bango ba ya faɗin gaskiyar ciki. A buɗe tsakiya a ga ko tawadar ta fito baƙi ƙirin ko ta yi fari-fari kamar an wanke, domin da yawa daga cikin masu araha kwafi ne na kwafi, har ƙugiyar "ƙ" da "ɗ" takan ɓace, hotuna su zama dunƙulen baƙi. A ɗaga shafi a rana, in rubutun baya yana leƙowa ta gaba, idon yaro zai wahala. A riƙe littafin ta bango a ɗan girgiza: wanda aka ɗinke da zare ko aka ɗaure da ƙarfe a tsakiya ya fi wanda aka manna da gam, domin zafin watan Afrilu yana busar da gam, shafuka su fara zubewa. Sannan a bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe. Ko wadda ba ta yi boko ba ta san lamba, tunda tana danna salula tana ƙirga canji. Ni kaina na taɓa sayo wa ƴar ƙanena littafi a bakin wata tasha, sai da muka kai tsakiyar labari da dare muka tarar shafi 16 babu, an maimaita na baya a gurbinsu. Yarinyar ta yi kuka, ni kuwa na rasa wanda zan kama, mai kayan ya riga ya naɗe ledarsa.

Littafin aji kuma, a tabbatar bugun da mushe ke aiki da shi ne. Tsarin karatu ya sha canzawa, tsofaffin bugu kuwa ba sa barin kasuwa, wani lokaci sunan ɗaya, bangon ɗaya, cikin daban. In da hali, a aro na wani ɗan ajin a je da shi a gwada. Na hannu, wato wanda wani yaro ya gama da shi, ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma ya fi sabon kwafi ƙarko. A dai duba kada a ce an riga an cike amsoshin da bik.

A kuma bar yaro ya sa baki. In an ware guda uku da suka dace da shi, a ce ya ɗauki ɗaya. Wanda ya zaɓa da hannunsa shi zai kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Bayan an kai gida

Littafin da aka saya aka kulle a akwati don kada ya lalace, kamar kayan da aka sara aka ƙi fitarwa tebur ne. Dole ya sha hannu, ya yi datti, gefensa ya lanƙwashe. A yi masa riga da takardar buhun siminti ko leda mai kauri, a samo tsohuwar kwalla ko gwangwani mai murfi a riƙa ajiye shi saboda gara da ɓera da yoyon ɗaki, amma a inda hannun yaro ke kaiwa.

Uwar da ke fita tun da hantsi ba ta dawowa sai magariba za ta ce ina lokaci? Ba a bukatar awa guda. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke yin sanyi, yaron da ya dawo daga lakwal yana zaune a gindin tebur, minti goma ya isa. A ce ya karanta mini, ina jinka. In ba ta iya gyara masa harafi ba, tana iya tambayarsa, to sai me ya faru, don me kura ta yi haka, kai da kai ne me za ka yi? Waɗannan tambayoyi su ne rabin karatu, kuma babu mushen da ke da yara 80 a gabansa da zai samu sukunin yi wa kowane yaro su. In akwai hotuna, ita ma tana iya ƙulla nata labarin a kansu da Hausarta, yaro ba ruwansa da ko haka aka rubuta.

Kuma rumfar kasuwa cike take da abin karatu na kyauta. Kwalin sukari, gwangwanin tumatir, buhun shinkafa, kwalin ashana, allon kantin maƙwabci, rubutun da ke bayan motocin haya. A ce wa ɗan CI ya nemo harafin farko na sunansa a jikin kaya. Ɗan CE a ba shi tsohon kaye ya rubuta abin da aka sayar yau, ko sunayen kayan da suka ƙare. Ranar da yaro ya ga rubutunsa ya yi wa uwarsa amfani a ciniki, ba sai an sake roƙonsa ya ɗauki bik ba.

Salula fa? Mun ga yadda ake miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru a bar uwa ta sallami masu saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini, ta ce a maimakon haka a yi masa karatu da tatsuniya. Hoton waya shi ke gudu da kansa, yaro kallo kawai yake. Na littafi yana tsaye, sai yaro ya motsa shi da bakinsa da tunaninsa.

Saura maganar kuɗi, domin a watan Oktoba aljihu ya riga ya sha wuya, ga kaye ga jaka ga kuɗin makaranta. Littafin jin daɗi ba dole ne a saye shi a wannan watan ba, lokacin da kowa ke rububi kuma farashi ke sama. A bari sai Disamba ko Janairu, sa'ad da mai tebur ke neman ya karya kayan da suka kwanta masa. Sannan ba dole kowane gida ya sayi nasa ba. Matan ƙasar nan su ne suka koya wa ƙasashe da dama tsarin asusu na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi duk mako ta ba da rance ta karɓa ba tare da dala ta ɓace ba, ba za ta kasa riƙe akwatin littattafai ba. In mata 20 kowace ta sayi guda ɗaya daban da na ƴar'uwarta, an samu littafi 20. A ajiye su wajen mai riƙe da akwatin kuɗi, ranar zubi kowace ta dawo da wanda ta ɗauka ta karɓi wani, wadda ɗanta ya yaga ta biya tara kamar yadda ake biyan tarar makara. Kafin zagaye ya ƙare an yi wata biyar, kowane yaro ya ga littafi 20 a kan kuɗin guda ɗaya.